Tiyon Kuloci Yana Yoyo: Tambayoyin Masu Mota da Amsoshinsu

Duk wanda ya daɗe yana jan mota mai giyar hannu ya san irin ranar nan. Ka taka kuloci, ƙafarka ta wuce har ƙasa kamar ka taka auduga, feda ta kwanta ta ƙi tasowa, giya ta ƙi shiga, na bayanka kuma sun dame ka da hon. Sau da yawa abin da ya jawo wannan ba wani babban abu ba ne, ɗan guntun tiyo ne da tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu mota da direbobin haya da yaran gareji suka fi yi a kan wannan matsala, na kuma amsa su yadda nake amsawa a bakin aiki.

Wai me ya haɗa kuloci da mai? Ni na ɗauka waya ce take jansa.

Iri biyu ne. Akwai motocin da waya ce ke tafiya daga feda zuwa giyabos, kamar Golf 2 da yawancin Golf 3 da galibin Peugeot 206. Waɗannan ba ruwansu da wannan magana, in wayar ta tsinke sai a sa wata. Akwai kuma masu aiki da mai, wato man birki, wanda ake zubawa a wani ɗan kofi da ke kusa da injin: Peugeot 504 ɗin da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975, da Hiace, da Hilux, da Corolla, da Sharan, da Golf 4, da Honda Civic daga ƙirar 1992 zuwa sama.

A irin waɗannan, idan ka taka feda, wani ɗan fistin ne kake turawa a cikin silindar da ke manne a jikin bangon da ya raba ka da injin. Ita ce makanikai ke kira masta, wasu su ce kulocin sama. Fistin ɗin ya tura mai ta cikin siririn bututun ƙarfe zuwa wata silindar da ke jikin giyabos, wato kulocin ƙasa, ita kuma ta tura hannun da ke raba farantin kuloci da injin. To amma injin da giyabos ba a tsaye suke cak ba, a kan robobi suke zaune, suna girgiza, suna ɗan karkata duk lokacin da ka ba da wuta. Da a ce bututun ƙarfe ne zalla tun daga sama har ƙasa, da ba a jima ba ya karye. Shi ya sa aka sa guntun tiyo mai lanƙwasa a tsakani. Shi ke shan wahalar motsin, shi ne kuma yake fara gajiya.

Mai yana raguwa a kofin. Ta yaya zan tabbatar tiyon ne, ba masta ko kulocin ƙasa ba?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma ita ce aka fi tsallakewa. An sha canja tiyo lafiyayye a bar ainihin mai laifin yana zaune.

Ka fara da wanke wurin. Mai yana bin jikin ƙarfe ya gangara, don haka inda ka ga yana ɗiga ba lallai nan ne yake fitowa ba. Ka goge tiyon da mahaɗansa biyu da tsumma har su bushe, ka cika kofin, ka sa wani ya shiga ya taka feda ya riƙe, kai kuma kana kallo da tocila. Tiyon da ya tsage zai jiƙe nan take, wani lokaci har ka ga siririn mai yana tsartuwa. Ka lura da wuraren da roba ta shiga cikin ƙarfe, inda aka matse ta tun daga kamfani, don a nan aka fi samun ɓarnar. Ka ɗan lanƙwasa tiyon da hannu: in ka ga ƙananan tsaga kamar faso a jikinsa, ya gama aiki ko da bai fara zuba ba.

Idan tiyon ya zauna a bushe, sai ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, inda sandar feda ta shiga masta. In ka ga jiƙa a wurin, ko kafet ya yi danshi, ko fentin da ke wajen ya kumbura ya ɓare, to masta ce ke zubar da mai ta baya. Sannan ka je kulocin ƙasa ka ɗage robar da ke rufe bakinsa. Cikinta ya kamata ya zama a bushe. In mai ya kwararo, robar fistin ɗin ce ta ci.

Akwai na huɗu mai wuyar sha'ani. A wasu motoci, irin su Opel Vectra B da Ford Focus, kulocin ƙasa ba a waje yake ba, yana can ciki tsakanin injin da giyabos. In shi ne ke yoyo, sai dai ka ga mai yana ɗiga daga ƙasan mahaɗar injin da giyabos. Ka shafa a yatsa: man birki bai kai baƙin mai kauri ba, yana da wani irin wari nasa, kuma ruwa yana wanke shi tas, saɓanin man injin ko na giya.

In kuwa mai ba ya raguwa ko kaɗan amma feda tana nutsewa a hankali idan ka riƙe ta, yoyon na cikin masta ne, mai yana kewaye robar yana komawa kofi. Tiyo ba shi da laifi.

Makanike ya ce tiyo biyu ne. Wanne ake nufi?

Gaskiyarsa. A motocin da kofin mai ba a kan masta yake zaune ba, akwai tiyon da ke sauko da mai daga kofi zuwa masta. Wannan ba matsi a cikinsa, mai ne kawai ke gangarowa, kuma da kilif ake riƙe bakinsa. In shi ne ya tsage, aikin minti kaɗan ne. Sharaɗi ɗaya: kada a yanko tiyon fetur a sa. Robar tiyon fetur daban, ta man birki daban. Wadda ke jure man birki ita ake kira EPDM. Ka sa na fetur, za ka ga bayan wani lokaci yana gumi, mai yana tsattsafowa ta jikinsa, cikinsa kuma yana narkewa yana ɓata man.

Ɗayan shi ne na matsi, wanda ke tsakanin masta da kulocin ƙasa. Shi muke magana a kai a sauran amsoshin.

Me ke kashe shi tun farko?

Tsufa da zafi, su ne kan gaba. Motoci da yawa da ke kan titunanmu sun yi shekaru da dama kafin ma su iso, da tiyon da suka fito da shi daga kamfani. Ga zafin injin, ga na rana, ga salansa kusa.

Amma akwai abubuwan da mu muke yi da hannunmu. Wanke injin da fetur ko kananzir yana cin robar. Baƙin mai da ke yoyo daga saman injin yana sauka a kansa shekara da shekaru yana sa ta laushi ta kumbura. Sai kuma a sauke giyabos don canja faranti, a bar kulocin ƙasa yana reto a jikin tiyon, ko a mayar da shi a murɗe, ko a manta ɗan kilif ɗin da ke riƙe shi ya riƙa gogar ƙarfe. Idan tiyo ya fashe 'yan makonni bayan an yi aikin kuloci, ba sai an yi dogon bincike ba.

Abu ɗaya da ba a cika dubawa ba shi ne robar da injin ke zaune a kai. In ta yanke, injin zai riƙa zabura fiye da ƙima duk lokacin da ka tashi, yana fizgar tiyon. Ka sa sabo ba ka gyara wannan ba, ka sake dawowa.

Ba za a iya ɗaure shi da robar tayar keke ba, ko a naɗe da salatif, ko a liƙe da gam?

A'a. Na san ana yi, na kuma san akwai wanda zai rantse maka cewa ya ɗaure nasa ya je Legas ya dawo. Amma ka duba lissafin. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce 2 zuwa 2.5 ba a ma'aunin bar. Matsin da ke cikin tiyon kuloci idan ka taka ya ninka wannan fiye da sau goma. Shi ya sa tiyon ba roba ce zalla ba, akwai saƙaƙƙen zare a tsakanin robar ciki da ta waje, shi ke riƙe matsin. Idan mai ya samu hanyar fitowa, ma'anarsa robar ciki ta huje, zaren kuma ya jiƙe ko ya tsinke. Duk abin da ka naɗa a waje bai taɓa inda ciwon yake ba. Ƙari a kan haka, man birki yana narkar da gam ɗin salatif cikin ɗan lokaci.

Haka nan yanke wurin da ya fashe a cusa guntun fayif a matse da kilif biyu. Zai riƙe a gareji ana kallo. Ranar da zai zame ba zai yi sallama ba, kuma kuloci ba ya mutuwa sai lokacin da kake taka shi, wato a mahaɗar hanya, ko a cunkoso, ko kana ja da baya da yara a bayan mota. Idan matsin ya tafi alhali kana cikin giya, motar za ta zabura da kanta. Ɗauri na iya fitar da kai daga daji zuwa gari mafi kusa. Iyakarsa ke nan. Gyaran tiyon matsi shi ne a cire shi a sa wani.

To ya fashe mini a hanya, ba gareji kusa. Yaya zan yi?

In tsattsafowa yake yi ba kwarara ba, ka cika kofin da man birki, ka taka feda sau da yawa har ta ɗan yi ƙarfi, ka kama hanya kana rage yawan canja giya, kana tsayawa kana ƙarawa. Kada ka bari kofin ya ƙafe, don da zarar ya sha iska ka shiga wani aikin. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ba sa rabuwa da ƙaramin gwangwanin man birki a mota.

In kuwa feda ta mutu murus, ana iya jan mota ba kuloci, amma sai a fili, kuma sai wanda hannunsa ya faɗa. Ka bar injin ya ɗumama a firi, ka kashe, ka sa giya ta ɗaya, ka tabbatar ba kowa a gabanka, sannan ka yi ki. Motar za ta zabura ta tashi tana tafiya. Wasu motocin ba sa yin ki sai an taka feda, to ka taka ta ko da ba ta aiki. Wajen canja giya, ka saki totur ka zare zuwa firi, ka ɗan jingina hannun giya a bakin ta gaba ba tare da dannawa ba, idan gudun injin ya yi daidai za ta faɗa da kanta. Tsayawa kuwa, ka zare zuwa firi ka taka birki. Kowane tashi yana wahalar da kik da batir, kowane kuskure kuma haƙoran giya ne ke biya. A cikin gari mai cunkoso, a jawo motar ya fi arha.

Wani direba ya ce in ba man birki a zuba ruwan omo, ko man giya, ko na sitiyari. Haka ne?

Kada ka kuskura ka zuba man injin, ko man giya, ko jan man sitiyari, ko da cokali ɗaya. Duk dangin man fetur ne, kuma robobin da ke cikin masta da kulocin ƙasa da tiyon kansa ba sa jituwa da su. Kumbura suke yi su yi laushi kamar tuwo. Wanda ya yi haka don gudun sayen gwangwani ɗaya, sai ya sayi masta da kulocin ƙasa da tiyo gaba ɗaya. In kuma kofin ɗaya ne da na birki, to ya haɗa har da birkinsa.

Ruwa bai kai wannan ɓarna ga roba ba, amma yana sa tsatsa a cikin silinda, yana tafasa da wuri, ba ya kuma ba fistin santsin da yake buƙata. Omo ba abin da yake ƙarawa sai kumfa da cin ƙarfe. Wanda larura ta sa ya zuba ruwa a kofin kuloci mai zaman kansa don ya fita daga wani wuri, to ranar nan a zubar a wanke layin da sabon mai. A kofin da ya haɗa da birki kuwa, babu wannan uzurin sam.

Wane mai ya kamata in saya?

Ka duba murfin kofin, a rubuce yake. Yawanci DOT 3 ne ko DOT 4. Duka biyun da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna gauraya da juna, bambancinsu zafin da suke jurewa kafin su tafasa: sabon DOT 3 aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuwa 260. Motar da aka rubuta mata DOT 4 kada a koma da ita DOT 3.

DOT 5, wanda ba ɗigo ɗaya a gabansa, wani abu ne daban, na silikon ne, ba ya gauraya da sauran. Sunan ne ya yi kama, kada ya ruɗe ka.

Man birki yana shan danshin iska. Shi ya sa DOT 4 ɗin da ya sha ruwa ma'auninsa ke saukowa zuwa wajen 155. Don haka ka sayi wanda bakinsa ke a liƙe, ka buɗe da hannunka. Ragowar da ta shekara a buɗe a kan benci, ko wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, ka bar wa mai shi.

Sabo zan saya, ko na Beljiyam, ko in kai wa masu matse tiyo su haɗa mini?

A kayan ƙarfe ba ni da ja da na Beljiyam, sau da yawa ma ya fi sabon da ake kawowa inganci. Amma roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye. Tiyon da aka ciro daga motar da ta girmi taka, sa'an wanda ya fashe maka ne. In ka samu sabo mai kyau, shi ne. In dole sai tsohon, ka lanƙwasa shi a rana ka duba tsaga, ka duba tsatsa a wuyan ƙarfen, ka tabbatar iska tana ratsa shi ta kowane ɓangare.

Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ina ne, ka tafi da tsohon a hannunka. Ka gwada tsawo, ka gwada zaren noti, sannan ka leƙa cikin bakin. Nan ne ake faɗawa rami. Zaren kan iya zama iri ɗaya, yawanci mai milimita 10, amma bakin bututun motocin Japan a buɗe yake kamar ƙaramin mazurari, na yawancin motocin Turai kuwa a dunƙule yake kamar kan albasa. Noti zai shiga lafiya lau, amma ba za su taɓa zama da juna ba, kana ɗaurewa yana zuba. Tiyo mai inganci za ka ga rubutu a jikinsa, sau da yawa har da lambar SAE J1401, wadda ita ce ƙa'idar tiyon birki.

Masu injin matse tiyo, waɗanda ke yi wa taraktoci da katafila aiki, sun iya matsi. Matsalar ita ce tiyon da ke hannunsu an yi shi ne don man haidirolik na manyan injuna, wanda dangin fetur ne, robar cikinsa ba ta man birki ba ce. In za su haɗa maka, ka tabbatar tiyon birki suka yanko.

Zan iya canjawa da kaina? Me ake buƙata?

In kana iya canja fulogi da man injin, za ka iya, matuƙar kana da haƙuri da mataimaki. Kana buƙatar sifanar bututu, wato mai kama da zobe da aka ɗan tsaga bakinta don ta ratsa fayif ta rungumi noti. Lamba 10 ce a yawancin motocin Japan, 11 a yawancin na Turai. Sai sifana ta biyu ta riƙewa, filaya, ƙaramar sifana ta nipul, wato ɗan notin cire iska da ke jikin kulocin ƙasa, siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, kwalba, tsumma, ruwa a bokiti, da man birki kamar rabin lita.

Ka bari injin ya huce. In sai ka shiga ƙasa, kada ka dogara da jak kaɗai, ka tokare motar da abin da ba zai zame ba, ka sa wa tayoyi waigi. Ka wanke mahaɗan biyu kafin ka kwance, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ta isa ta yaga roba. Ka ɗauki hoton yadda tsohon ya bi da wayarka. Ka shimfiɗa leda a bakin kofi ka mayar da murfi a kai, hakan yana rage zubar mai.

Ka fara kwance wajen da tiyo ya haɗu da bututun ƙarfe, kana riƙe da kan tiyon da sifana ta biyu, tun kilif ɗin da ke riƙe shi a mazauninsa bai fita ba. Sannan ka zare kilif, sannan ka kwance ɓangaren kulocin ƙasa. Wajen ɗaurawa sai ka juya: ƙasa tukuna, sannan sama. Dalili shi ne kan da ke shiga kulocin ƙasa yakan juya da tiyon gaba ɗaya, in ka riga ka ɗaure sama zai murɗe. Akwai layi ko rubutu a tsawon tiyon, ka bi shi da ido ka ga ya tafi a miƙe.

Kowane noti ka fara shigar da shi da yatsu, ya yi zagaye uku ko huɗu a sauƙaƙe kafin sifana ta taɓa shi. In ya cije tun farko, a karkace yake, ka fito da shi. Kuma ba a yi masa ɗaurin taya. Notin bututu a motocin Toyota da yawa ma'auninsa wajen 15 Nm ne a sifanar awo, wato ƙarfin wuyan hannu, ba na kafaɗa ba. In kan tiyon irin mai zobe ne da kusa mai rami ke ratsawa, akwai washa biyu ta jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sababbi ake sawa, tsofaffin sun riga sun matse sun taurare. Kada a naɗa farin zaren masu famfo a jikin noti: ba zaren noti ke tare mai ba, bakin bututun ne.

Motocin baya-bayan nan da dama, musamman na Volkswagen da Opel da Ford, ba noti a nasu. Kan filastik ne da ake turawa ya shige, siririyar waya ta riƙe shi, da ƙaramar robar zobe a baki. Ka ɗaga wayar da sukudireba, ka ja. Ka tabbatar tsohuwar robar ba ta maƙale a ciki ba, kuma wajen mayarwa ka ji ya yi ƙas, ka ja shi baya ka tabbatar ya kama.

Notin ya ƙi kwancewa, kansa ya fara cinyewa.

Ka tsaya haka nan. Sifana mai buɗaɗɗen baki ce ke jawo wannan, don gefe biyu kawai take kamawa. Ka fesa maganin tsatsa, ka ba shi lokaci, ka ɗan bubbuga, ka gwada ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance. Ka lura ko bututun yana juyawa tare da notin, don in ka ci gaba zai murɗe ya karye. Kada a kawo wuta kusa da tiyo mai mai a ciki. In bututun ya lalace, a canja shi ko a yi masa sabon baki da abin yin baki, ba a toshe da walda ba.

Yaya ake cire iska bayan an ɗaura?

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ƙwayar iska ɗaya a layin ta isa ta shanye rabin takunka. Wannan aikin ne makanikai ke kira bilidin.

Ka cire ledar da ka sa a kofi, ka cika shi. Ka soka siririn tiyo a kan nipul ɗin kulocin ƙasa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai a ciki. Ka fara buɗe nipul ɗin ka bar mai ya gangaro da kansa na 'yan mintuna, wannan kaɗai yana rage rabin aikin. Sannan mataimaki ya shiga. Ka ce "taka", ya taka a hankali ya riƙe. Ka buɗe nipul kwatan zagaye, mai da kumfa su fito, ka rufe, sannan ka ce "saki". Ba ya saki sai ka rufe, in ba haka ba iskar da ta fita za ta koma. A nan kuloci ya bambanta da birki: sau da yawa feda ba za ta taso da kanta ba, sai ya ɗago ta da hannu. Ba wata matsala ba ce. Ku yi ta maimaitawa har mai ya fito garau ba kumfa.

Ido a kan kofi. Na kuloci ɗan mitsitsi ne, taku huɗu ko biyar ya ƙafe. A motar da kofin ɗaya ne da birki, ɓangaren kuloci yana iya ƙafewa alhali kana ganin mai a ciki, don haka ka riƙe shi a cike har wuya, in an gama ka rage zuwa layin sama.

Kuma kada wanda ya taka feda alhali kulocin ƙasa yana kwance daga jikin giyabos. Fistin zai yi tsalle ya fito, mai ya wanke wa na ƙasa fuska.

Mun yi bilidin har mun gaji, feda ba ta yi ƙarfi ba.

Iska sama take son hawa, mu kuma muna tura ta ƙasa. A motar da bututun ya yi doro a wani wuri, sai ta maƙale a nan tana kai da komo. Maganinta a biyo mata ta inda take so: ka samu babban sirinji, ka cika da sabon mai, ka haɗa da nipul, ka tura man daga ƙasa zuwa sama a hankali har kumfa ta daina fitowa a kofi. Ka riƙa kwashe na kofin kada ya malala.

In wannan bai yi ba, ka duba ko nipul ɗin yana saman silindar, ka sake duba mahaɗan da ka ɗaure. In duk lafiya, to mastar ce. Tsohuwar masta takan mutu a wajen bilidin, saboda robarta ta bi ta wurin da datti ya taru ko kuma ta yi aiki a bushe lokacin da mai ya ƙare. Ba makaniken ne ya ɓata ta ba, da ma a bakin rami take.

Yoyon kuloci zai iya taɓa birkina?

In kofin kuloci daban yake, kamar a motocin Toyota da Honda da Nissan da yawa, ba abin da ya haɗa su. In kofi ɗaya ne, kamar a motocin Turai da yawa, masu ƙirar sun sa bakin da kuloci ke sha a sama da na birki, don in ya yi yoyo kuloci ya fara mutuwa, birki ya samu saura. Fitilar birki takan kama a gaban direba idan man ya sauka. Wannan tanadi ne na ceton rai, ba izinin ci gaba da yawo ba. Kuma duk lokacin da man ya ragu a irin wannan kofin, sai an duba ƙafafun mota huɗu, kada a ɗora wa kuloci laifin birki.

Tiyona ba ya zuba, amma makanike ya ce in canja. Ba cuta ba ce?

Ba lallai ba. Tiyo yana mutuwa ta hanya biyu ba tare da ya ɗiga ba. Ko dai zaren ciki ya saki ya riƙa kumbura idan an taka, ka riƙe shi a hannu wani ya taka za ka ji yana cika kamar balan-balan, feda ta yi laushi, giya ta riƙa ƙara musamman ribas. Ko kuma robar ciki ta ɓare ta zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: mai ya tafi, dawowa ta yi wuya. Sai feda ta riƙa tasowa a hankali, kuloci ya riƙa sulɓi kamar faranti ya ƙare. An sha sauke giyabos a banza a kan wannan. Ka ce ya nuna maka da hannu, mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Sai an sauke giyabos?

Don tiyo kaɗai, a'a. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, mafi yawansa ma wajen cire iska ne, sai dai a wasu motocin a cire batir ko akwatin iska don hannu ya kai. Wanda ke sa a sauke giyabos shi ne kulocin ƙasa na ciki. In an kai ga haka, a duba faranti, don wanda ya sha man birki ba ya wankuwa.

Man ya zuba a jikin mota da hannuna.

Ka kwarara ruwa nan take, kada ka goge da busasshen tsumma, don yana cin fenti cikin 'yan mintuna. Hannu a wanke da sabulu. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar kwata na awa, sannan a je asibiti. Guba ne in an sha, yana iya taɓa ƙoda, saboda haka a daina zuƙo shi da baki ta tiyo kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, kada kuma a ajiye ragowar a gorar lemo inda yaro zai gani.

An gama. Me zan duba kafin in hau titi?

Ka wanke wurin da ruwa ya bushe. Wani ya taka feda ya riƙe na rabin minti kana duba mahaɗan biyu da busasshen yatsa. Ka tabbatar tiyon bai taɓa salansa ko wani ƙarfe ba, kuma yana da ɗan sakin da zai bi motsin injin. Ka tayar da mota, ka taka, ka ƙirga uku, ka sa ribas: in ta shiga shiru, kuloci yana rabuwa sosai. Ka yi alama da biro a jikin kofin daidai inda man ya tsaya, ka duba washegari, ka sake dubawa bayan mako guda. Daga nan kuma, duk shekara biyu idan za a canja man birki, ka tuna wa makanike da ɗan kofin kuloci, don shi ne ake mantawa har man cikinsa ya koma baƙi kamar shayi.